Fuskar da Aka Tono a Lambu na Sha Huɗu

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe takwas saura kwata na safe

A rubuta, domin waɗanda za su zo bayanmu su san irin zamanin da muka rayu a ciki: yau, ina da shekara saba'in da huɗu a duniya, wani ƙato mai hular kwano ya hana ni shiga lambuna. Ni, Ottmar Rauschen, wanda ya koyar da Latin shekara talatin da takwas a garin nan, har da wanda ya zama magajin gari daga baya, ko da yake wannan ba abin alfahari ba ne.

Takardar da aka aiko ta ce ranar Laraba za a rufe. Laraba, sha biyu ga wata. Na ja mata layi da jan biro, na nuna masa. Ya ce, "Tsoho, yau katafila ta samu sarari, shi ke nan." Tsoho. Daular Rum sai da ta ɗauki ƙarnuka tana rushewa, amma ladabi a ƙasar nan bai cika shekara ashirin ba ya gama.

Birni ya sayar da lambunanmu talatin da biyu ga kamfanin da zai gina benaye. Doka ta ce kafin a zuba siminti a bakin kogin nan sai masu tonon tarihi sun tsaga ƙasa sun duba ko Rumawa sun bar wani abu. Shekara talatin da takwas ina yabon wannan doka a gaban aji. Ban taɓa zaton za ta zo ta tsaya da takalman roba a kan kabejina ba.

Na zo da shebur a cikin buhu. Kwana biyu na ware wa aikin, yau da gobe. Tun watan Oktoba nake cewa zan yi, sai ruwa, sai ƙasa ta daskare, sai ciwon bayana.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan maimaita ba. Lore, matata, tana lambuna, lambu na sha huɗu, ƙarƙashin itacen tuffa, zurfin kamu biyu, a cikin tukunyar da ta gina da hannunta. A ƙasar nan ko tokar mutum ba ta da izinin kwana ko'ina sai maƙabarta mai rajista. Saboda haka da ta rasu na kai ta Holan aka ƙone gawar a can, inda suke miƙa wa miji matarsa ya tafi da ita. Shekara biyar ke nan. Ba wanda ya sani.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi nakan zauna a benci in kai mata rahoton duniya. Lokacin da take raye takan ajiye mini kofi ta ce, "To, Ottmar, wa ya yi laifi yau?" Yau masu laifi sun yi yawa, ga shinge a tsakaninmu. Shi ya sa na sayi littafin nan. Takardarsa ma ba ta da kyau.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya

Shugabar masu tonon mace ce, Dokta Wiebke Haverkamp, doguwa, 'yar arewa, mai magana kamar a ƙirge aka ba ta kalmomin. Na same ta a bakin shinge zaune kan bokiti a kife, tana cin burodi da cuku. Na gabatar da kaina yadda ya kamata, na kuma taƙaita mata tarihin rundunonin Rum a wannan gaɓa ta kogi, abin da bai wuce minti ashirin ba. Ta saurara tana tauna. Da na kai aya ta ce:

"Herr Rauschen, me kuke so?"

"Albasar furannina. Minti talatin ya ishe ni."

"Da shebur mai tsawon nan?"

"Suna da zurfi."

Ta ce inshora ta hana kowa shiga muddin katafila na ciki. Sai ta warware taswira a kan gwiwarta, ta nuna mini da ɓawon burodi: dogayen ramuka takwas, na shida zai wuce mita huɗu yamma da itacen tuffa. "Ba za mu taɓa furanninku ba," in ji ta. "Mako biyu mu tafi. Yawancin lokaci ba ma samun komai sai tsofaffin cokula."

Na yi mata fatan cokula masu yawa.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe bakwai da rabi

Mita huɗu. Na auna a falo: daga kujerarta zuwa taga.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Rumawa, waɗanda na yi wa hidima duk tsawon rayuwata, na kare su daga jahilcin yara dubu biyu, na haddace shari'o'insu da hanyoyinsu da jerin sarakunansu har da mahaukatan ciki, yau sun saka mini da abin da suka saba saka wa masu yi musu hidima. Sun bayyana a rami na shida.

Kaburbura uku: baƙar ƙasa, ƙonannen ƙashi, fasassun tuluna, fitilar yumɓu guda. Matalauta ne, daga gani. Suka rasa inda za su kwanta a duk faɗin daular, daga hamada zuwa ƙanƙara, sai gefen wakena.

Hubert Odenthal, shugaban ƙungiyar masu lambu, ya zo a guje har hularsa ta faɗi. Wannan shi ne mutumin da shekara ashirin yake zagayawa da sandar awo yana duba ko shingen wani ya haura mita ɗaya da kwata, wanda ya taɓa rubuto mini takardar gargaɗi saboda na yanka ciyawa ƙarfe ɗaya da minti goma, lokacin hutun rana. Ya rungume ni. Ban ba shi izini ba.

"Farfesa! Mutanenka sun cece mu! Wa zai ɗora bene a kan maƙabartar Rumawa?"

Na ce masa ni ba farfesa ba ne, kuma rabin garin nan a kan maƙabartar Rumawa yake, har da gidan giyar da yake zuwa. Bai ji ba.

Na tambayi Dokta Haverkamp me zai biyo baya. Ta ce za su faɗaɗa ramin su ga inda jerin ya ƙare.

"Ta wane gefe?"

"Gabas."

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe uku

Ba a aiki ranar Asabar. Na lissafa komai kamar janar: akwai ɓaraka ta bayan shingen maƙwabciyata Frau Pelzer, wadda ni kaɗai na sani, kuma tsakanin ɗaya da uku duk mai lambu na gari yana barci, domin dokar ƙungiya ce. Na shiga da rarrafe. Wandona ya yage a inda ba a faɗa. Na miƙe, ina hango itacen, taku talatin bai fi ba, sai na ji an busa usur.

Odenthal ya kafa rundunar gadi. Tsofaffi shida da kujerun naɗewa da fulas na kofi, suna tsare Rumawa daga ɓarayin kayan tarihi.

"Farfesa, kai ma ka zo gadi? Madalla! To wannan fa?"

"Shebur ne, Odenthal. Ana samunsa a lambuna."

"Sashe na sha ɗaya. Babu tono lokacin hutun rana." Ya karɓe shi, ya ba ni rasit. Sa'an nan ya sa sunana a jadawali, Talata da Alhamis, ya ɗaura mini ƙyalle a dantse.

Awa biyu na zauna ina gadin wurin don kada ni in shiga. Tarihi ya san biranen da suka faɗi saboda cin amana, da waɗanda suka faɗi saboda yunwa. Ban taɓa karanta wanda ya faɗi saboda sashe na sha ɗaya ba.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi

Gesine ta kira daga Bremen, kamar kowace Lahadi. 'Yata ce tilo, kuma ta gaji muryar uwarta ba tare da haƙurinta ba. Ta ce wata mai zuwa, ranar haihuwar Mama, za ta je bakin teku ta jefa furanni a inda na nuna mata na ce can na zuba tokar, kamar kowace shekara. Ko zan zo wannan karon?

Na ce mata an yi hasashen ruwa.

"Baba, saura wata guda."

Na ce ruwan bana mai naci ne.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Mita ɗaya da rabi. Sun ɗauke bencin sun jingine shi a bayan bayan-gida na roba.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe biyu

Ina kan gadi. Ina da ƙyalle a dantse. A rubuta wannan ma.

Wajen ƙarfe goma da rabi ɗaya daga cikinsu ya yi kira. Dokta Haverkamp ta sauka ta durƙusa, ta karɓi ɗan cokalin maginan da suke kankare ƙasa da shi. Sun riga sun sare saiwa biyu na itacen, manyan, ba tare da tambayar kowa ba. Odenthal ya kira ɗan jarida tun kafin a ga komai, suka tsaya a kanta da kyamara kamar angulaye masu katin shaida.

Ta yi ta share ƙasa da buroshi. Murfi ya fito, sai goshi, sai gira. Ta dakata. Ta ɗaga kai ta duba shinge, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina, ta tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta koma ga aikinta.

Irin wannan tukunya ba a buɗe ta a fili. Sukan naɗe ta da bandeji kamar mai karaya, su ɗaga ta da ƙasarta duka, a kai ɗakin bincike. Haka suka yi. Suka sa ta a akwatin roba mai toka-toka, suka rubuta lamba a jiki da baƙin alƙalami. Arba'in da bakwai.

Mutane suka tafa. Frau Pelzer ta yi kuka. Wanda ya ɗauki akwatin ya riƙe shi a karkace, na yi masa tsawa da muryar da ban yi amfani da ita ba tun da na bar aji. Kowa ya ce kishin tarihi ne.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe bakwai da rabi

Ban je ba. Ba wanda zan je wa.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Shafin farko, hoto mai launi, rabin shafi: "Barume mai fushi ya farka bayan shekara dubu ɗaya da ɗari takwas." Marubucin, wanda ina zargin na taɓa kayar da shi a jarrabawa, ya siffanta fuskar da ke jikin tukunyar da cewa tana da "hanci kamar ƙugiya, gira a haɗe, da baki irin na wanda aka kawo wa miya da sanyi." Ya kira ta mummuna sau biyu.

Ina so a san cewa hancin daidai yake da na manyan mutanen da ake bugawa a jikin tsabar Rum, kuma girar ta mai tunani ce.

A 1994 Lore ta gina ta. Mun yi faɗa kan wani abu, ina jin labule ne, na yi kwana uku ba na magana. Ta ɗauki ɗaya daga littattafaina mai hotunan tukwanen Rumawa masu fuska, waɗanda suke zuba tokar matattunsu a ciki, ta ɗebo yumɓu daga bakin kogi, ta gasa a rami da itace yadda su suke yi, domin Lore in za ta yi maka ba'a sai ta yi ta da inganci. Ta ajiye a gabana a teburin karin kumallo. Ta ce, "Ga ka nan. In na riga ka, ka zuba ni a ciki, in ci gaba da jin mitarka daga kusa."

Gaskiya ne a asibiti ta faɗi wani abu dabam. Ta ce teku. Ta faɗa a gaban Gesine, sau biyu. Amma ƙa'ida ce sananniya a wurin duk wanda ya yi aiki da tsofaffin rubuce-rubuce: idan shaida biyu suka saɓa, mafi daɗewa ake fifitawa. Ban ƙirƙiri ƙa'idar nan ba. Bin ta kawai na yi.

Jaridar ba ta kaiwa Bremen. Na tabbatar.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Taron ƙungiya a rumfar taro, da tsiran alade da salak ɗin dankali. Sun buga hoton a jikin riguna. Mutum ashirin da tara sanye da fuskar, suna kallona.

Odenthal ya hau kan akwatin giya ya ce kaburbura goma sha ɗaya na matalauta ba za su tsayar da kamfani ba, an gaya masa, za a auna su a kwashe a ci gaba. Amma tukunya mai fuska, cikakkiya, ba tsaga ko ɗaya, wannan abin a kai majalisar jiha ne. "Farfesa zai rubuta mana takardar koke. Da Latin a sama, yadda za su tsorata."

Wani daga baya, Kessenich mai zomaye, ya ce, "Ku dubi Farfesa ku dubi rigar. Kakansa ne aka tono!" Aka yi dariya har wani ya ƙware. Na ce masa in kamanni shaida ne, to a binciki dangantakarsa da zomayensa.

Da za a tashi Frau Pelzer ta kama hannuna da nata biyu. Shekararta tamanin da ɗaya, tun 1969 take lambu na sha biyar. "Herr Rauschen, ku rubuta da kyau. Ni a bene ban san me zan yi da safe ba."

Na dawo gida na zauna gaban farar takarda. In na rubuta, na sa hannu a kan ƙarya, a kai Lore gidan tarihi, cikin gilashi, yara 'yan makaranta suna manna mata hanci. In na faɗi gaskiya, lambuna talatin da biyu sun rasa abin da suka rataya a kai, hukuma ta karɓe ta ta saka a bango a maƙabartar birni, layi na kaza, a buɗe daga takwas zuwa shida. Masanan da suka cika shafuka kan yadda mutumin kirki ke zaɓa tsakanin wajibai biyu, ba wanda a cikinsu ya taɓa zama ɗan ƙungiyar masu lambu.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe biyar

Waya ta yi ƙara ƙarfe huɗu da rabi. Da biyar saura kwata. Da biyar saura minti biyar. Ina da aiki.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe ɗaya

Dokta Haverkamp ta aiko a kira ni ofishinsu, kwantenar ƙarfe mai warin jiƙaƙƙun safa. Ta kori kowa, ta rufe ƙofa, ta ɗaga wani baƙin hoto a jikin taga, irin na asibiti mai nuna ƙashi.

"Mun haska ta ba mu buɗe ba. Kun ga wannan da'irar a ciki?"

"Tsaba ce. Sukan sa wa mamaci tsaba."

"Herr Rauschen. Tsabar Rum ba ta da jerin lambobi shida da sunan gari a Holan." Dutsen shaida ne da gidan ƙona gawa ke sakawa a cikin toka. Na manta da shi. A'a, ban manta ba. Ban iya sa hannu in cire ba.

Na ce ashe ilimin zamani sai da na'ura yake gane abin da ke gabansa.

"Tun ina durƙushe na gane. An haƙa ramin daga sama, ta cikin takin lambu, kuma akwai alamar roba ta shuka a ciki an rubuta 'faski', ganyen miya. Sa'an nan na share girar, na ɗaga kai, ga ta a bakin shinge tana harara ta."

"To me ya sa kuka ɗaga ta, kuka bari aka yi wannan wasan kwaikwayo?"

"Shugabanku da ɗan jarida suna tsaye a kaina. In na ce ta zamani ce a gabansu, a gabansu zan kira 'yan sanda." Ta ajiye hoton a aljihun tebur. "Ni tukunyar da ban buɗe ba tukunya ce kawai. Ranar Juma'a zan rubuta: ta zamani, kwaikwayo, an mayar wa masu ita. Kyakkyawan aiki ne, af. Wanda ya gina ta ya san yumɓu."

"Wadda."

"Wadda," in ji ta.

Na miƙe zan yi mata godiya a cikin jimla uku da na riga na tsara, sai ta ce ba ta gama ba. Jiya wata mata ta kira daga Bremen. Ta ga hoton a waya, wata ƙawarta ta tura mata don dariya. Ta ce mahaifiyarta ce ta gina tukunyar, shekara ashirin tana kan kantar kicin ɗinsu ana ajiye makullai a ciki, kuma tana so ta san me ya kai ta ƙarƙashin ƙasa.

"Me kuka ce mata?"

"Na ce ta tambayi mai lambun. Juma'a ƙarfe huɗu. Ku daidaita tsakaninku wanda zai ɗauka."

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe bakwai da rabi

Ke ce kika fara. Ke kika gina ta, ke kika yi ba'ar, ke kika tafi kina da shekara sittin da shida ba tare da shawartar kowa ba, kika bar ni da 'yarki.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe sha biyu

Na sami Odenthal a ƙofar lambuna yana gyara jadawalin gadi. Na miƙa masa ƙyallensa, na ce babu takardar koke. Na gaya masa dalili a tsaye, a taƙaice, ina kallon allon sanarwa.

Ya zuba mini ido har na zaci bai fahimta ba, abin da ba sabo ba ne. Sai ya ce, "Sashe na tara. Ba a binne komai a lambu sai taki."

"Ka rubuto mini takarda."

Ya cire hularsa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar da ta faɗi, kuma ba abin gani ba ne. "Wato shekara biyar ina tsayawa a wurin nan ina auna shingenka, ashe a kan Frau Rauschen nake tsaye?"

"Ba ta taɓa son ka ba, Odenthal."

"Na sani. Amma ita kaɗai ke ba ni kek in na zo awo." Ya juya hular a hannu. "Zan ce musu masana sun gano kwaikwayo ce, wani ya binne don wasa. Ba sai sun ji sauran ba. Riguna kuwa, a yi aikin lambu da su."

Na tambayi Frau Pelzer fa. Ya ce Dokta ta ce matalautan nan goma sha ɗaya sai an kwashe su ɗaya bayan ɗaya da buroshi, kuma jerin bai ƙare ba; aƙalla wata biyar. Za a buɗe mata lambunta ta ci tumatirinta na bana. Daga nan bene.

Ya dawo mini da sheburina. Ya nemi rasit ɗinsa. Ina da shi.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Na isa huɗu saura kwata. Motar Gesine na nan tun kafin ni. Tana tsaye a jikin mota da akwatin roba a hannu, an goge lambar.

Na shirya bayani mai sassa uku. Na fara da batun shaida biyu da suka saɓa.

"Baba, in ka kawo mini Latin a nan zan tuƙa in bar ka."

Na haɗiye sauran sassan.

"Shekara biyar. Shekara biyar ina tuƙin awa huɗu in je in jefa wa kifi furanni. Ina tsayawa cikin iska ina yi wa ruwa magana kamar mahaukaciya, ashe tana nan ƙarƙashin faskinka. Sau nawa na zauna a bencin nan ina cin kek? Sau nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Kai da kake ƙirga kurakuran jarida!"

Ta buɗe ƙofar gaba, ta zaunar da akwatin a kujera, ta ja bel ta ɗaure shi, ta gwada ko ya kama. Na kai hannu ga ƙofar, ta ce, "Mama ce a gaba. Kai baya." Akwai kujerar kare a baya. Na zauna a gefenta.

Gobe ƙarfe shida za mu kama hanya. Ba a tambaye ni ba.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma, a mota

An yi.

Ba a yi ruwa ba. Mai jirgin ruwan da muka hau ɗan Holan ne mai fara'a fiye da kima, ya nuna mana gefen da iska ba za ta dawo mana da ita ba. Na rubuta jawabi da Latin, layi goma sha huɗu, ba kuskure ko ɗaya. Yana aljihuna har yanzu. Gesine ta riƙe gindin tukunyar, ni na riƙe baki. Ba ta da nauyi. Ban san me ya sa na zaci za ta yi nauyi ba.

A hanyar dawowa zuwa gaɓa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Me ya sa, Baba? Ban da sassa uku."

Na ce teku ba ta da benci. Na ce mutum ba zai iya tashi kowace safiya da abin faɗa cike da baki ba, ya rasa inda zai kai shi.

Ta fyace hanci da ƙarfi, kamar uwarta. "Ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Amma kana da waya. Ba kafin ƙarfe takwas ba."

Ta ce in riƙe tukunyar. Ta ce ita ta gaji da ganin fuskar tun tana yarinya. An bar ni na zauna a gaba.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe bakwai da rabi

Tana kan kantar kicin, makullai a ciki. Tana harara ta. Hancin dai ina nan a kan bakana.

Jarida ta janye labarin a shafi na sha tara, layi huɗu, da kuskuren rubutu biyu. Mai burodi ya sake rage girman burodin yana zaton ba a lura ba. Katafila ta tumɓuke itacen tuffa ranar Asabar, ranar da suka ce ba sa aiki.

Saura minti ashirin da shida.

Ƙarfe takwas da minti ɗaya

Ta ɗauka a ƙara ta biyu, bakinta cike da abinci. Ban kai ga gaisuwa ba ta ce, "To, Baba, wa ya yi laifi yau?"